Ɗiyar ƙawarmu ta rasu, uwar ta yi shiru: me ya kamata mu yi?

Tambaya: Mu iyaye mata ne da muka san juna ta intanet, kowa da garin da take. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu, 'yar shekara uku, ta rasu bayan doguwar jinya. Ban taɓa ganin yarinyar ido da ido ba, amma kullum sai na yi kuka, har maigidana yana cewa abin nawa ya yi yawa. Uwar ba ta amsa saƙon kowa, wasunmu kuma sai yaɗa hotunan yarinyar suke yi. Ina mafita?

Amsa: Allah ya jiƙanta, ya ba iyayenta haƙuri, ku ma ya ba ku dangana.

'Yar'uwa, kukanki bai yi yawa ba. Watanni kuka yi kuna kwana kuna tashi da labarin yarinyar nan, ku yi murna in ta samu sauƙi, hankalinku ya tashi in an mayar da ita asibiti. A 1989 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi bayani a kan baƙin cikin da jama'a ba sa ba mai shi damar nunawa, don suna ganin rashin ba nasa ba ne. Naki irinsa ne. Ki yi kukanki, amma ki kai shi wurin sauran ƙawayenki. In kika rubuta wa uwar cewa kin kasa ci kin kasa barci, kin ɗora mata aikin lallashinki, ita da ko kanta ba ta iya riƙewa.

Shirunta kuma kada ya dame ku. A makonnin farko hankali ba ya tattaruwa wuri ɗaya, karanta saƙo hamsin kaɗai wahala ce. Ki aika gajeren saƙo, ki ambaci yarinyar da sunanta, ki ce ba sai ta amsa ba. Iyaye da yawa sun fi tsoron a manta da ɗansu a kan a tuna musu da shi.

Maganar hotuna ita ce ta fi damuna. Hoton nan na iyayenta ne, musamman wanda aka ɗauka tana kan gadon asibiti. Abin da ya shiga intanet ba ya dawowa, kuma yana iya faɗo wa uwar a fuskar waya ranar da ba ta shirya ba. Ku dakatar da yaɗawar, mutum ɗaya ya tambayi wani na kusa da ita abin da iyayen suke so. Haka ma ku bar binciken abin da ya kashe yarinyar, da cewa da an kai ta wurin wane da ta tashi. Uwa tana zargin kanta ko ba wanda ya ce uffan. "Za ki haifi wata" ma a bar shi, ba wata take nema ba.

Wataƙila kin ji ana cewa baƙin ciki matakai biyar ne. Wata likita, Elisabeth Kübler-Ross, ita ce ta kawo wannan a 1969, daga hirarta da majinyatan da ke dab da mutuwa, kuma mai makoki ba ya bin su a jere. Bayanin da wasu masana biyu, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka kawo a 1999 ya fi kusa da abin da muke gani: mutum yana kai da komo ne, yau kuka, gobe harkokin rayuwa, jibi kuka kuma. Don haka in kun ga uwar ta yi dariya bayan wata biyu, ba mantawa ta yi ba, ba kuma warkewa ta yi ba.

Taron ta'aziyya yakan watse da wuri, nan ne amfaninku yake, tunda kuna da yawa. Ku raba watannin shekara a tsakaninku, kowa da lokacin da za ta riƙa tuntuɓarta. Ku rubuta ranar haihuwar yarinyar da ranar rasuwarta. Ku riƙa tambayar uban ma, shi kusan kowa mantawa yake da shi. Doguwar kulawar nan tana da dalili: wani bincike da aka yi a Denmark, aka wallafa a 2003, ya bi diddigin iyaye sama da 21,000 da suka rasa ɗa, ya gano cewa haɗarin mutuwa ya ƙaru ga uwaye, har bayan shekaru masu yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin da ya ƙi sassautawa cikin lalurorin da ke buƙatar likita: idan an wuce aƙalla wata shida begen mamacin yana hana mutum aiki da kula da kansa. Amma in uwar ta fara cewa gara ta bi ɗiyarta, ko ta daina cin abinci gaba ɗaya, ba a jira wata shida. Ku da kuke nesa ba za ku iya ƙwanƙwasa mata ƙofa ba, don haka tun yanzu ku nemi lambar wani da yake kusa da ita, wanda zai iya kai ta asibiti a ranar.