Amsa ga Alhajin Fatakwal: Unguwar da Za Ka Sauka da Yaranka a Katsina

Assalamu alaikum. Alhaji, tun shekaranjiya na ga tambayarka, hidima ce ta hana ni zama. Ka ce za ka kawo iyali Katsina hutun mako biyu a ƙarshen shekara, da yara uku masu shekara 13, 15 da 17, gidanku na gado ya cika da 'yan uwa, kana neman unguwa mai shiru da za ku kama masauki ku huta. Na ga mutum kusan bakwai sun rubuta maka "GRA" sun wuce abinsu. Ba ƙarya suka yi ba. Amma ni da na ci wannan tuwon sau uku, bari in kawo maka shi da miyarsa.

Ni ma haifaffen cikin gari ne, aiki ya kai ni Kaduna, yarana duk can suka tashi. Zuwanmu na farko da muka ce ba za mu takura wa mutanen gida ba, can ƙuryar GRA na kama mana gida. Kai, wuri ya yi kyau. Katanga doguwa, tsakar gida shararre, ga itatuwan bedi, waɗanda Kanawa ke kira darbejiya, sun rufe layin da inuwa. Da hantsi ba ka jin komai sai kukan kurciya da tsintsiyar maigadi. Ni da uwargida muka ce alhamdu lillahi, abin nema ya samu. Kwana biyu na yi barcin da na shekara ban yi ba.

Rana ta uku na fito falo na tarar da su ukun sun baje a kan kujeru kamar kajin da ruwa ya doka, kowa da waya a hannu, ba mai ce wa wani uffan. Babban ya ɗago ya ce, "Baba, wai yaushe za mu koma?" Ko kayan jakarsa bai gama fitarwa ba. Daga ranar na zama direba. Kati ya ƙare, Baba. Ana son awara, Baba. Aski, Baba. Don layin da muke ko mai shayi babu, kurkura kuwa, wato keke napep, sai ka taka tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya. Na zo hutu na koma da ciwon baya.

A nan na gane shirun da ni da kai muke nema, a wajen yaro ɗan shekara 15 kurkuku ne. Mu mun gaji da duniya, su kuwa yanzu suke son ganinta.

Shekarar da ta biyo sai na yi gyaran gangar auzinawa. Na ce to, tunda rai suke so, mu sauka inda rai yake. Na kama ɗakuna a wani masauki bakin babban titi, wajen Ƙofar Ƙaura, inda hanyar Kano ke shigowa gari. Yara sun ji daɗi, ba musu. Mu kuwa ba mu runtsa ba. Manyan motoci har tsakar dare, janareton masaukin a daidai bayan tagarmu, ga wani ɗakin taro a maƙwabta, kuma ka san Disamba watan biki ne. Daren Juma'a, Asabar, Lahadi, mai kiɗa yana ta kiran sunan ƙawayen amarya a lasifika, har uwargida ta haddace su. Kwana biyar muka tattara muka koma gidan yayata.

Sai a na uku Allah ya haɗa mu da daidai. Wani abokina ya samo mana gida a Layout na Ƙofar Ƙaura, amma ciki, layi na huɗu daga kwalta. Ƙarar titi ba ta isowa, sai dai ka ji ta can ƙasa-ƙasa. Amma idan yaro ya fito ƙofa, kafin minti biyar yana gaban mai shago, ga masallacin unguwa, ga mai ƙosai da safe, ga mai tsire da yamma, ga fili inda samari ke buga ƙwallo bayan la'asar. Kwana biyu kacal babban ya yi abokai, har ana aiko yaro a yi sallama da shi. Na tsakiyar, mace ce, ta saba da 'yan matan gidan da ke kallon namu, suka koya mata ɗan wake, ita kuma ta koya musu wani cincin da take yi. Ni kuma ina kwance a tabarma ƙarƙashin bishiya da rediyona, mukullin mota yana rataye a ƙusa.

Don haka ni shawarata, kada ka tsaya kan sunan unguwa, ka tambayi layin. Ko a GRA ɗin akwai ɓangaren da ke kusa da shaguna da titin da kurkura ke bi, wannan zai yi maka. Akwai kuma can ciki, inda sai mai mota biyu da direba. Rukunin gidaje na bakin gari irin su Barhim da Fatima Shema suna da natsuwa da tsari, yara na iya yawo da keke a ciki hankali kwance, sai dai duk abin da ya shafi cikin gari sai an tada mota. Idan babban naka ya iya tuƙi kuma ka yarda da hannunsa, to da sauƙi. Ni dai ban yarda da na nawa ba. Ɓangaren hanyar Dutsin-Ma, wajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin Hassan Usman, harkar ɗalibai ta fi yawa, ga nisa da fada. Cikin gari kuwa, su Yarinci, Rafindaɗi, Unguwar Alƙali, Gambarawa, nan ne Katsinar take, nan za ku riƙa wuni, amma ba wurin barcin rana ba ne. Gida manne da gida, yara a lungu, masu talla, baƙi masu zuwa gaisuwa tun ba ka karya ba. Kai da kanka ka san haka, shi ya sa ka yi tambayar.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kada ka biya kuɗi saboda hoton da dillali ya turo maka a WhatsApp. Hoto ba ya ɗaukar ƙara. Ka samu ƙaninka ko wani wanda ba ya jin kunyar faɗa maka gaskiya, ya je layin sau uku. Ya je da hantsi, lokacin da injin niƙa da masu walda suke tashi aiki. Ya je bayan la'asar ya ga su wa ke zama a bakin layin, dattawa ne a kan dakali ko majalisar da ba za ka so ɗanka ya zauna cikinta ba. Sannan ya koma bayan isha'i, musamman daren Asabar, ya tsaya minti goma ya kasa kunne. A nan ne gidan kallon ƙwallo da ɗakin biki da janareton maƙwabci suke bayyana kansu. Wani gidan da aka nuna min, da rana kamar maƙabarta, ashe bayan katangarsa gidan kallo ne. Da ban koma da dare ba, da duk ƙwallon da aka ci a Ingila sai na ji ihunta a kan gadona.

Ruwa da wuta kuma ka tambaya dalla-dalla, kada ka karɓi "akwai" kawai. Rijiyar burtsatse ce a gidan ko 'yan garuwa ake kira? Tankin sama nawa yake ɗauka? Mutum biyar, uku daga ciki matasa masu daɗewa a banɗaki, ba ƙaramin ruwa suke sha ba. Idan da sola, ka ji me take iya ɗauka, fanka da fitila kaɗai ko har firji. Gidan da ke da sola ya fi min mai janareto sau goma, don shirun da ka biya kuɗi dominsa janareto ne farkon mai cinye shi. Sannan wanda ka aika ya duba sabis a wayarsa cikin ɗakunan, ba a tsakar gida ba. Ka raina wannan, amma ranar da intanet ta ƙi, kai za a hana sakat.

Ka dace da lokaci. Disamba sanyi ne da hazo, barci har da bargo, ba ka bukatar na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai yaran da suka tashi a Fatakwal ba su san hunturun Katsina ba. Ka taho musu da rigunan sanyi da man shafawa mai kauri da man leɓe, in ba haka ba kafin kwana uku ƙafa ta yi kaushi, leɓe ya tsage. Mai asma a cikinsu kada a manta maganinsa, ƙurar ba wasa ba ce. Da a watan Afrilu ka ce za ka zo, lokacin da zafi ke haura 40, da na ce ka sake shawara.

To in an samu masauki, sai kuma abin da za a yi da su, don ko layin ya kai yaya daɗi, mako biyu da yawa. Ni dabarar da ta yi min, fita ɗaya a rana, da safe, a dawo kafin azahar, sauran wunin na kowa ne. Ranar da na jera musu wurare huɗu, a na uku aka fara kumbure-kumbure.

Ka fara da Gobarau. Hasumiyar ƙasa ce mai tsawon kusan mita 15, ana jingina ta ga zamanin Sarki Muhammadu Korau, shekaru sama da 500 ke nan. A mota autana yana ta cewa shi me zai gani a ginin laka. Da muka hau matakalar, ya dafa bangon da hannunsa, ya leƙo ya ga rufin gidajen cikin gari sun bazu ta ko'ina, sai ya yi tsit. Can ya ce, "Baba, ba siminti ko kaɗan?" Na ce babu. Hotunan da ya ɗauka a nan sun fi na ko'ina yawa. Daga nan Ƙofar Soro ba nisa, su ga fadar Sarkin Katsina Abdulmumini Kabir Usman, wanda ke kan gadon tun 2008. Wata ranar ka kai su tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda yanzu gidan tarihi ce. Nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa. 'Yata da ke shirin jarrabawar gama sakandare ta tsaya tana kallon ƙananan azuzuwan, ta ce wai a nan Firayim Minista ya zauna? Sunayen da take haddacewa don jarrabawa ranar suka zama mutane a wajenta.

Idan Katsina United na da wasa a filin Muhammadu Dikko, ka kai mazan. Ka kuma sa a tambaya maka ko ana folo a kwanakin, don Katsina gidan folo ce tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo, kuma yaron da bai taɓa ganin doki a guje kusa da shi ba zai daɗe yana ba da labari. Da hutun ya faɗo kan Sallah ne, da hawa kaɗai ya ishe su, sai dai a lokacin masauki wuya yake, shiru kuma sai bayan kwana uku.

Na ga wani ya ce maka ka tafi Daura kawai, ta fi shiru. Gaskiya ne ta fi. Amma da matasa uku, ni ina ganin Daura ta wuni ɗaya ce ko kwana biyu. Tafiyar kamar kilomita 80 ce daga Katsina, ku fita da sassafe. Su ga rijiyar Kusugu, inda labari ya ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya kashe shi, a ja musu guga su sha. Nawa sai da suka yi gardamar ko ruwan zai ɓata musu ciki, daga ƙarshe har gora suka cika. Su ga fadar Sarki, ku ci abinci, ku juyo da rana tsaka. In kuwa kai da Hajiya ne kaɗai, to ka yi mako a Daura, ba abin da zai dame ka.

Maganar hanya ba sai na ja ta ba, kai ɗan gida ne. Tafiyar dare dai a bar ta, kuma duk wata fita bayan gari, musamman ta yamma wajen Batsari ko Jibiya, ka ji ta bakin 'yan uwa a ranar kafin ka ɗau yara. In jirgi za ku hau zuwa filin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka shirya motar da za ku riƙa amfani da ita tun kafin ku sauka.

Wani abu da na manta: ka nemi gida mai kicin, ko da za ka ƙara kuɗi. Dangi za su yi ta aiko da kwanuka, tuwo, waina, fura, dambu, kuma su ma za su zo. A ɗakin otal ba inda za ka ajiye langa shida, ba inda gwaggo za ta miƙe ƙafa. Mu a gidan Layout ɗin har tabarmi biyu muka ƙara saya.

Idan dillali ya turo maka gidaje, ka rubuto sunan layin da abin da ke kusa da shi a nan. Ina shiga Katsina ƙarshen wata in sha Allahu, zan iya bi ta wurin bayan isha'i in saurara maka.