Kuɗina daga Ingila suke zuwa, ina buƙatar izinin aiki a Gana?

Tambaya: Lauya, ni ɗan Sakkwato ne, wata 7 ke nan ina zaune wurin kawuna a unguwar Nima da ke Accra. Ina zana tambari da shafukan intanet wa mutanen Ingila, suna biyana ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga waje. Abokina ya ce tunda ni ɗan ECOWAS ne ba ruwana da takarda, in ma hankalina bai kwanta ba, akwai mai kai fasfo Aflao, kan iyakar Gana da Togo, a buga masa sabon hatimi. Tsoro ya hana ni barci. Za a kore ni?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, amma ka raba kanka da shawarar abokin nan tun yau.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka shiga ba biza, ka zauna kwana 90. Iyakarta ke nan. Bayan haka sai da izinin zama daga hukumar shige da fice ta Gana. Kai kuwa ka wuce wa'adin, kuma tarar wata-wata ake ƙirga ta.

Maganar hatimin Aflao ita ce ke cin raina, don ba ranar da ba na jin ta. Yaro zai ɗauki fasfonsa ya danƙa wa dillalin da ko ofis ba shi da shi, sai jaka a hammata da waya biyu. Bayan kwana uku fasfo ya dawo da hatimi yana cewa ka fita ka shigo, alhali kana Nima kana shan koko. Jami'i ba tawadar yake kallo ba, abin da ke cikin kwamfuta yake dubawa. In bai ga fitarka ba, laifinka ya tashi daga wuce wa'adi, wanda ake biyan tara a wuce, ya koma takardar jabu, wadda ke kai mutum kotu. Ranar nan ka kira dillalin ka ji ko wayarsa za ta shiga! Dattawan zango da suka ga korar baƙi ta 1969, lokacin Firaminista Busia, ba su wasa da takarda. Jikokinsu ne ke cewa "ai duk ɗaya muke".

Batun aikin kuwa, dokar shige da fice ta 2000 an gina ta ne kan mai ɗaukar aiki a Gana da zai nema maka izini. Ba ta ware wa irinku gurbi ba, sai dai hatimin baƙo ba izinin aiki ba ne, ko daga ina kuɗin ke zuwa. Hukumar haraji ma tana ɗaukar wanda ya kwana 183 cikin wata 12 a matsayin mazauni, kuɗinsa na waje ma da haraji a kansa.

Ka yi katin shaida na Gana na baƙi, ka ɗauki fasfo da shaidar kuɗin da ke shigo maka, ka je hedikwatar hukumar shige da fice a unguwar Ridge da ke Accra da ƙafarka, kawunka ya raka ka. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit.