Ɗana ba ya riƙe aike, kuma ba ya barin babba ya kai aya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara 6, bana ya shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, a nan Garwa ta Kamaru. Yana jin Hausa da Fulatanci sarai, amma idan na aike shi abu uku da ɗaya yake dawowa, yana katse manya, kuma in zai ba da labari daga ƙarshe yake farawa. Babansa da malaminsa sun ce taurin kai ne, bulala ce ta yi masa kaɗan, kakarsa kuma ta ce a kai shi wurin wanzami a duba linzami. Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaron da yake furta harsuna biyu sarai ba shi da abin da askar wanzami za ta gyara masa, sai a gaya wa Hajiya haka cikin ladabi. Abubuwan da kika lissafa duk sun rataya ne a kan ikon sarrafa kai, wato aikin sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda yake riƙe wa mutum bayani na ɗan lokaci, ya taka masa birki, ya kuma ba shi damar sauya akala idan zance ya sauya. Ba da labari yana neman dukkan ukun, domin sai yaro ya riƙe farko da ƙarshe a kansa, ya danne abin da ya fi burge shi har lokacinsa ya zo, sannan ya tuna cewa mai sauraronsa ba ya wurin sa'ad da abin ya faru. Wannan sashe yana saurin bunƙasa tsakanin shekara 3 da 5, amma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25.

Maganar bulala ce ta fi tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai an shigo mini da yaro ana cewa ya sani sarai, ƙi ne kawai ya yi. Hujjar iyaye ita ce, in aka tambaye shi me aka aike shi, zai faɗa daidai. Akwai wani sanannen gwaji da ake yi wa yara da katuna, inda ake sa su ware su bisa launi, daga baya a ce su koma warewa bisa siffa. Mafi yawan 'yan shekara 3 za su faɗi sabuwar dokar da bakinsu, amma hannunsu ya ci gaba da bin tsohuwar, alhali 'yan shekara 5 sukan sauya ba wahala. Ashe sanin doka daban, iya bin ta a lokacin da ake bukata daban, kuma ba rashin kunya ce ta raba su ba.

Abin takaicin shi ne, tsoro yana cikin manyan abubuwan da suke durƙusar da wannan sashe. Yaron da ya ga dorina a hannun malami, hankalinsa ya koma kan dorinar, ɗan wurin da zai ajiye gishiri da daddawa da canji kuwa fargaba ta cika shi. Sai ya sake mantawa, a sake dukansa, a kuma ɗauki mantuwar a matsayin shaidar cewa dukan farko bai isa ba. Na ga yara masu surutu da aka daka har suka yi tsit, iyaye suna murna wai sun natsu, alhali sun daina gwada magana ne gaba ɗaya, kuma a ajin da ake koyarwa da Faransanci, harshe na uku a wurinsu, wannan shirun yakan bi su shekaru. Shi malamin ya kamata ya san cewa dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta haramta duka a makaranta, ko da yake na san a makarantu da yawa tana cikin takarda ne kawai. Yaro amana ne, kuma wanda ya dake shi a kan abin da Allah bai riga ya hore masa ba, ya shirya amsar da zai bayar.

A gida, ki rage aiken zuwa abu biyu, ki sa ya maimaita da bakinsa kafin ya fita, kuma in kin ji yana magana shi kaɗai a hanya kada ki hana shi, domin tun kafin rasuwarsa a 1934 masanin Rasha Vygotsky ya nuna cewa da irin wannan maganar yara suke jan ragamar kansu. Tatsuniyar dare ta fi waya amfani nesa ba kusa ba: wanda ya jira aka ce "ga ta nan, ga ta nanku" kafin ya amsa, sannan aka ce gobe shi zai maimaita, ya yi atisayen jira da na tsara zance a zama ɗaya. Ki kuma tabbatar yana samun barcin awa 9 zuwa 12.

Ki kai shi asibiti a auna jinsa, musamman in ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai suma. In jinsa lafiya lau ne, kuma halin ya wuce wata 6 yana bayyana a gida da makaranta fiye da na tsaransa, to likitan yara ya duba ko akwai larurar ƙarancin natsuwa. Ranar da za ku je, ki roƙi babansa ya biyo ku, domin ya ji bayanin da kunnensa.