Me ya sa fluke ke ƙin ƙugiyata?

Tambaya: Ina zaune a Bronx, a birnin New York. Nakan bi abokan aikina kamun kifin fluke a jiragen haya da ke tashi daga Sheepshead Bay, amma kowa ya samu ban da ni. Wane abinci ake sa wa ƙugiya, kuma yaya ake ɗaure ta?

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton dalmarka, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, ita ce ba ta taɓa ƙasa. Fluke kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a ɓangaren hagu. Kwanciya yake yi a kan yashi, ya saje da launin wurin, ya yi kwanton ɓauna. Abin da ya gifta ta gabansa yana motsi shi yake cafkewa. Shi ya sa matuƙin ba ya tsayar da jirgi wuri guda, sai ya bar iska da igiyar ruwa su riƙa jansa a hankali.

Ɗaurin ba wuya. Sami ƙarfen nan mai ido uku da ke juyawa. Ido ɗaya na zaren sandarka, na biyu na ɗan guntun zare mai riƙe dalma, na uku kuma zare mai tsawon ƙafa 3 da ƙugiya a bakinsa. Dalma oza 2 zuwa 4 ta isa a ruwa mara zurfi. Da ka ga zarenka ya karkace ya yi nisa da jirgi, ƙara nauyi, ko da zai kai oza 8. So ake ka riƙa jin dalmar tana bugun yashi, tuk, tuk, a tafin hannunka.

Abinci kuwa, yanka naman sikwid (wata dabbar teku mai hannaye da yawa) siriri, tsawon inci 5 ko 6, mai tsini a wutsiya. Soke shi sau ɗaya tak a kai, don ya riƙa kaɗawa. Wanda aka cukuikuye a ƙugiya juyi kawai yake yi yana murɗe zare. Ƙara masa ɗan ƙaramin kifi, spearing ko killie mai rai. Masu bucktail, wato ƙugiya mai kan dalma da gashin barewa, sukan liƙa mata Gulp, wani abincin ƙugiya mai kama da roba, suna ɗan ɗagawa suna saki. A ganina sabon shiga ya fara da sikwid.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen fizga. Fluke kan kama wutsiyar abincin ya biyo shi, sai ka ji nauyi kamar ka jawo ciyawa. Sassauta, ƙirga uku, sannan ka ɗaga sanda ba da ƙarfi ba. Kada ka fito da kansa sama da ruwa, nan yake girgiza ya tsere. Kira yaron jirgi ya kawo raga.

Lokacinsa daga Mayu zuwa Satumba ne, kafin ya koma zurfin teku da hunturu. Kowace jiha da dokarta kan tsawo da yawan wanda za ka riƙe, kuma tana sauyawa, don haka tambayi matuƙi tun kafin ku bar gaɓa.