Yana buga .340 a Triple-A amma ba a kira shi babbar gasa ba: me kulob ke gani da ni ban gani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Karatu ne ya kawo ni Amurka, a nan kuma na kamu da son wasan besbol, har ta kai kowace safiya sai na duba sakamakon ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin kulob ɗin da nake goyon baya. 'Yan wasa biyu sun ɗaure mini kai. Na farko shekararsa 27, yana Triple-A a gasar Pacific Coast, makinsa na bugu .340 (wato bugu mai nasara 340 cikin kowane dubu), makon jiya ma ya yi homron biyu (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili) a wasa ɗaya, amma ko a jerin matasan kulob ɗin babu sunansa. Na biyu ɗan shekara 20 ne a Double-A, makinsa .255 kacal, shi kuma kowa zuzuta shi yake yi. Son kai ne, ko akwai abin da ban iya karantawa ba a takardar sakamakon?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba son kai ba ne, ko da yake gaskiya ne yaron da kulob ya zuba wa kuɗi da yawa yakan samu haƙurin da wani ba ya samu. Abin da ya faru shi ne ka ɗora hukuncinka a kan abubuwa biyu da suka fi komai ruɗar mutum a ƙananan gasanni: makin bugu, da abin da aka yi a dare ɗaya.

Saboda masu karatu da ba su san tsarin ba: tun daga 2021 kowane kulob cikin 30 na babbar gasar MLB yana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu, daga ƙasa zuwa sama Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, jimilla 120, ban da na sababbin shiga da ke wasa a Arizona da Florida da Jamhuriyar Dominika. Ƙungiya ba ta hawa ba ta faɗuwa. Ɗan wasa ne ake ɗagawa ko a saukar. Kocin Double-A kuma ba a ɗauke shi don ya ciyo kofi ba. Aikinsa ya raini yaran da aka ba shi, ko da hakan zai sa a ci su wasa. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin abin da zai biyo baya.

Kafin ka kalli kowace lamba, kalli shekaru. 'Yan wasan Triple-A akasari suna tsakanin 26 da 27, na Double-A kuwa wajen 24. Ke nan mutuminka na farko yana wasa ne da sa'o'insa, ƙarfinsa ya gama kawowa, abin da kake gani a yau kusan shi ne iyakarsa. Na biyun yana fuskantar mutanen da suka girme shi da shekara huɗu, waɗanda suka iya murɗa ƙwallo su ajiye ta inda suke so, kuma bai nutse ba. Ɗan shekara 20 da ya tsaya da ƙafarsa a Double-A ya riga ya yi abin da kaɗan ne ke iya yi. Masu farautar 'yan wasa sun daɗe suna ɗaukar hawa zuwa Double-A a matsayin jarrabawa mafi tsanani kafin babbar gasa, domin a nan ne mai jifa ke daina dogaro da ƙarfin hannu kaɗai. Shafin Baseball-Reference yana nuna tazarar shekarun ɗan wasa da na sauran 'yan gasarsa, kuma ni wannan layin nake fara dubawa. Juan Soto ya fara kakar 2018 a Hagerstown, can ƙasa a Single-A, amma kafin watan Mayu ya ƙare yana babbar gasa da Washington yana ɗan shekara 19. Ba kowa ne Soto ba, sai dai irin wannan gudun ne ake nema a jikin yaro.

Sai filin wasa, wanda a tambayarka ya fi komai nauyi. Gasar Pacific Coast tana da filaye a Albuquerque, Reno, Salt Lake, El Paso da Las Vegas, duk garuruwa ne na tudu da busasshiyar iska. Albuquerque ta haura mita 1,500 daga matakin teku, ta fi Jos tudu. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, don haka ƙwallon da aka buga tana ƙara nisa, wadda mai jifa ya murɗa kuma ba ta lanƙwasa yadda ya so. Mai bugu yana cin riba ta fuska biyu. Ƙwallon da za a cafe a bakin katanga a Norfolk ko Toledo sai ta tsallake a Reno. Saboda haka .340 a can ba ɗaya ba ne da .340 a gasar International, ɗaya gasar ta Triple-A inda Norfolk da Toledo suke, balle a gasar Florida State, inda manyan filaye da iska mai laima suka daɗe suna danne masu bugu. Ka buɗe shafin mutumin naka ka raba lambobinsa gida biyu, na gida da na waje, sannan ka duba makin gasar gaba ɗaya. In kowa a gasar yana buga abin mamaki, to shi ba abin mamaki ba ne. FanGraphs yana da lamba mai suna wRC+ wadda ke auna ɗan wasa da sauran 'yan gasarsa, inda 100 ke nufin tsaka-tsaki. Tana taimakawa sosai, amma ka ci gaba da tuna filin da yake kwana a ciki.

Brandon Wood ya yi homron 43 a Rancho Cucamonga a 2005, a gasar California, wadda ita ma ta shahara da shagwaɓa masu bugu. Ya zama ɗaya daga cikin matasan da aka fi ji da su a Amurka. Da ya iso babbar gasa, makinsa na dukan shekarun da ya yi a can ya tsaya a .186. Alamar tana nan tun yana ƙasa, a layin da mutane ba su cika kallo ba.

Wannan layin shi ne na harafin K da na BB. K na nufin mai jifa ya fitar da shi ba tare da ya iya sa ƙwallo cikin fili ba. BB kuma ya ƙi kai wa munanan jifa huɗu sanda, an ba shi tashar farko kyauta, wato ta farko cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki. Ka raba kowanne da yawan lokutan da ya tsaya bugu. Waɗannan biyun su ne suka fi bin ɗan wasa idan ya hau mataki, domin tudu ba ya shafarsu sosai, ba ruwansu da ko mai tsaron fili ya iya aikinsa. Wanda ake fitarwa sau uku cikin goma a Single-A yana da matsala komai yawan homron ɗinsa, tunda masu jifan da ke gabansa sun fi waɗannan iya gano inda sandarsa ba ta kaiwa. Kuma suna saurin faɗin gaskiya: masu lissafin wasan sun nuna cewa yawan K yakan fara nuna ainihin mutum bayan tsayuwa wajen 60, BB wajen 120, alhali makin bugu yana buƙatar kusan 900, wato fiye da kaka guda cikakkiya. Ka ga ke nan .340 na wata biyu ko uku bai gama magana ba, ina ga dare ɗaya.

Akwai kuma sa'a, wadda ita ma ana iya aunawa. Lambar BABIP tana nuna nawa ne cikin ƙwallayen da ya buga cikin fili suka tsere wa masu tsaro. A babbar gasa takan zauna kusa da .300. In ta mutuminka ta kai .400, kada ka saba da ita, za ta sauko. Tun 2023 kuma duk filayen Triple-A suna da na'urorin Statcast, ana iya ganin saurin da ƙwallo ke barin sanda a shafin Baseball Savant. Mil 95 a awa zuwa sama shi ake kira bugu mai ƙarfi. Daren da yaro ya tashi babu ko bugu ɗaya cikin huɗu, amma uku daga ciki sun fita da wannan ƙarfin sun faɗa hannun masu tsaro, ya fi mini daren da ya samu uku da ƙwallaye marasa ƙarfi da suka silale ta tsakanin ƙafafu. Takardar sakamako ba za ta gaya maka wannan ba.

Ba ka tambayi masu jifa ba, amma tunda kana duba sakamako kullum za ka ci karo da su. A nan ruɗin ya fi yawa. Sau da yawa kulob yakan umarci yaro ya yi ta jefa nau'in jifan da bai ƙware a kai ba, a ci shi maki shida, kuma koci ya koma gida da farin ciki. Ana ƙidaya masa jifa, a cire shi a zagaye na huɗu ko da yana wasa mai kyau. Ka duba K, ka duba BB, ka duba saurin jifansa ko yana nan yadda yake; matsakaicin jifa mai sauri a babbar gasa yanzu wajen mil 94 ne a awa. In ka ga an tsallake ranar wasansa ba bayani, wannan ya fi kowace lamba muhimmanci, domin gwiwar hannu ita ce ke cinye masu jifa, kuma aikin tiyatar da ake kira Tommy John yakan ɗauke mutum shekara guda ko fiye.

Abu na gaba ba ya cikin takarda kwata-kwata: a ina yake tsayawa idan ƙungiyarsa tana tsaron fili? Yaron da zai iya riƙe tsakiyar fili, ko gurbin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ko ya tsuguna bayan mai bugu yana karɓar jifa, ana yafe masa rauni a bugu. Wanda ba ya iya komai sai tashar farko dole sandarsa ta yi abin da ba a saba gani ba. Masu farauta suna ba da maki daga 20 zuwa 80 a kan bugu, ƙarfi, gudu, tsaro da hannu, 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar gasa. Ina kyautata zaton in ka duba za ka tarar ɗan shekara 20 ɗin nan yana ɗaya daga cikin wurare masu wuya.

Ƙin kiran na farkon kuma yana da dalilin ofis. Kulob yana da jerin mutum 40, ba a kiran kowa babbar gasa sai yana ciki, kuma idan jerin ya cika, kafin a sa shi sai an cire wani, wanda wata ƙungiya za ta iya ɗaukewa. Wani lokacin ma lissafin kuɗi ne tsagwaronsa. Chicago Cubs sun ajiye Kris Bryant a Triple-A a Iowa har 17 ga Afrilun 2015, ya ƙare kakar da kwana 171 na aiki alhali 172 ake buƙata a ƙirga masa shekara, abin da ya ba kulob ɗin ƙarin shekara guda a kansa. Ya kai ƙara bai yi nasara ba. Wannan dai na taurari ne. Na mutuminka ya fi kama da labarin Mike Hessman, wanda ya yi homron 433 a ƙananan gasannin Amurka, ya kafa tarihi a Toledo a 2015, amma a babbar gasa 14 kawai ya yi cikin wasa 109. Ya fi ƙarfin Triple-A, babbar gasa kuma ta fi ƙarfinsa.

Kada ka ɗauka ina cewa ka yar da shi. Oakland ta sallami Max Muncy a 2017, ya yi shekarar a Triple-A ta Dodgers a Oklahoma City, a 2018 kuma ya yi homron 35 a babbar gasa yana da shekara 27. Amma Muncy ya daɗe da iya zaɓen ƙwallon da zai kai wa sanda, kuma ya gyara yadda yake bugu. Tambayar da za ka yi wa lambobin mutuminka ita ce: me ya sauya bana? In K ɗinsa ya ragu, ƙarfin bugunsa ya ƙaru, kuma yana yin hakan har a filayen da ba na tudu ba, akwai magana. In shi ne dai na bara, sai ƙwallaye suka yi ta faɗa masa daidai, babu.

Haka shi ma ƙaramin, kada zuzutawar ta ɗauke ka. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a besbol ko mai kyan ma takan fara da hadari. Jackson Holliday, wanda Baltimore ta ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, ya ratsa matakai huɗu cikin 2023. Da aka kira shi a Afrilun 2024 sai ya samu bugu 2 cikin 34, aka fitar da shi da K sau 18, aka mayar da shi Triple-A a Norfolk. Mike Trout kansa .220 ya buga a wasa 40 na farko a 2011. Jerin matasa 100 na Baseball America ko MLB Pipeline hasashe ne na masana, kuma a kowace shekara akwai sunaye a ciki da ba za su kai ko'ina ba.

Duba sakamako kowace safiya ba laifi ba ne, daɗin abin ke nan. Sai dai ka ware shi da hukunci. Ƙananan gasanni suna yin wasa shida a jere da ƙungiya ɗaya, su huta ran Litinin, don haka Litinin ta dace ka zauna ka kalli makon gaba ɗaya, ƙarshen wata kuma ka kwatanta K da BB da na watan baya. Fiye da duk wannan, ka sa ido a kan abin da kulob ke yi, tunda suna da bayanan da ni da kai ba mu da su: wa suka ɗaga a tsakiyar kaka, wa suka tura gasar kaka ta Arizona a Oktoba, wa suka sa cikin mutum 40 a Nuwamba don kada wata ƙungiya ta ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na Disamba. Ga ɗan shekara 27 ɗin, ranar da za ka jira ita ce 1 ga Satumba, lokacin da ake ƙara gurbi biyu a babbar ƙungiya, daga 26 zuwa 28. In ta wuce ba a kira shi ba, kulob ɗin ya ba ka amsarsa, kuma kada ka yi mamaki in ka gan shi baɗi da rigar wata ƙungiya, ko a Japan ko Koriya ta Kudu, inda irinsa da yawa suka samu albashin da Triple-A ba ta taɓa ba su ba.