Tambaya da Amsa: Akwatin Mahaifinmu Sojan Ruwa

Tambaya: Mahaifinmu tsohon sojan ruwa ne, ya rasu bara. Ya bar akwatin ƙarfe da farin kakinsa, lambobin yabo, hotuna da takardu. Yaya za mu adana su, jikokinsa su san ko shi waye? Daga wata mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Malama, ki fara da takardu tun kafin damina. Ki nemo takardar sallamarsa da lambar aikinsa, domin da wannan lamba ake gano soja ko a Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja. Ki yi fotokofi uku, ki ɗauki hotonsu da waya. Kada a manne ta ainihin da leda a inji: zafi na cin tawada, kuma ba ta ɓaruwa. Ki sa ta a ambulan, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da danshi.

Lambobin yabo kuwa, nan ake yawan ɓarna. Kada a dirje su da toka, yashi ko lemun tsami don su yi ƙyalli, zanen jikinsu ne ke gogewa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Zaren da aka rataye su kada ya ga ruwa, launinsa zuba yake. Kakin a wanke, ya bushe sarai, a cire maɓallan ƙarfe a ajiye daban don kada su ɓata farin, a sa kafur. Kada yaro ya sa shi ya fita, doka ta hana.

Bayan kowane hoto a rubuta da fensir, biro yana ratsawa: wuri, shekara, sunan jirgi. Sunan jirgin ne zai buɗe miki tarihinsa. An kafa rundunar sojan ruwa ta Najeriya a 1956. In ya yi aiki tsakanin 1967 da 1970 ya ga yaƙin basasa, in kuma a 1990 ne, ki tambaya ko yana cikin waɗanda suka je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi gaggawa shi ne abokan aikinsa, don su ma tsufa ya kama su. Ki je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jiha, ko taron tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu, ki nemi izini ki naɗi muryarsu suna faɗin wane jirgi suka shiga tare, a wace shekara.