Abin da ka gani a gona ba daga sama ya faɗo ba

Malam, ka ce bayan ruwan daren jiya a garin Mai Wurno, nan Sudan, ka tarar da wani abu mai yauƙi a gona, kamar ƙaro jiƙaƙƙe, tsofaffi kuma suka ce ragowar tauraron da ya faɗo ne. Ba su kaɗai ba, har a Birtaniya an yi ɗaruruwan shekaru ana faɗin haka.

Amma ni na fi zaton dangin gansakuka ne da masana ke kira Nostoc. Da rani yakan bushe ya lafe a ƙasa, ba mai lura da shi, ruwa na sauka sai ya kumbura cikin dare. Wani lokacin kuma yauƙin ƙwan kwaɗo ne da tsuntsu ya amayar.

Abin da ke faɗowa daga sama dutse ne ko ƙarfe. Mu nan Sudan shaida ne: ranar 7 ga Oktoba 2008 wani dutse ya tarwatse a saman hamadar Nuba, ɗaliban Jami'ar Khartum suka tsinto gutsattsarinsa kusa da tasha ta shida ta layin dogon Wadi Halfa. Baƙaƙen duwatsu ne, ba yauƙi ko kaɗan.

Don Allah kada yara su sa shi a baki.